Sunana Yana Cikin Kwalbar Gishiri

In kun je Minguettes, unguwar dogayen benayen nan da ke kudancin Lyon, kuka tambayi gidan Hapsatou, za a ce muku wacce, don su uku ne. Amma ku ce Sarkin Fawa, ko Balarabiyar da ke sayar da burodi a ƙasan bene za ta nuna muku hawa na tara. Matar da ake kira haka ko jinin kaza ta gani sai ta kau da kai. Shekara biyu ke nan sunan yana bin ta, kuma ba zan ɓoye muku ba, a shagona na Château Rouge aka raɗa shi, daga bakina ya fito. Ni ce Fatimata mai atamfa da shadda. Duk wanda ya san ni a Paris ya san bakina ya fi almakashina kaifi.

Ni da Yaya Hapsatou 'yan unguwa ɗaya ne a Birnin Damagaram, katanga ce kawai tsakanin gidajenmu. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goye ni. Babanta Malam Maazou tela ne, cikin 'ya'yansa tara kuma ita kaɗai ta ɗauko idonsa. Karatun lakwal, wato boko, ba ta wuce aji uku ba, amma mace ta gitta ta ƙofar gida da sabuwar riga, Yaya ta dube ta sau ɗaya, gobe za ki ga irinta a jikin 'yar tsana. Da Malam Sa'ad ya aure ta ya kawo ta Lyon, inda yake aikin ɗaukar kaya a wani sito, kan keken ɗinkinta ta fara sawa a akwati kafin tufafinta. A tunaninta ta zo ƙasar masu ɗinki, za a ga hannunta a yi murna. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa takardar shaida aka tambaye ta. Ba wanda ya ce ta zauna ta ɗinka ko aljihu a gani. Da ciwon baya ya kwantar da Malam Sa'ad, daga baya Allah ya yi masa rasuwa, sai ta kama aikin da ake ba irinmu ba tare da dogon bincike ba, wato wankan tsofaffi da kwashe musu fitsari. Ta wannan hanyar ta faɗa hannun Madam Madeleine.

Tsohuwar tana zaune a Croix-Rousse, tudun masaƙan siliki na da, cikin ɗaki mai dogon rufi irin wanda aka gina don abin saƙa ya samu wurin tsayawa. Shekarunta saba'in da tara a lokacin, siririya kamar tsinken tsintsiya, ba ɗa ba jika, mijinta Alain ya daɗe da mutuwa. Mata huɗu ta kora kafin Yaya. Ranar farko ko gaisuwa ba ta amsa ba. Ta ɗauki fensir, ta miƙe hannu, ta rufe ido ɗaya, ta auna Yaya daga nesa tun daga kai har ƙafa.

"Six et demie," ta ce. Shida da rabi ke nan.

Masu zanen kayan mata, in ji ta, da kai suke auna mutum. A ɗauki tsawon kansa, a ga sau nawa zai shiga tsawon jikinsa. Macen da ta cancanci a zana ta kai tara ce. Yaya kai shida da rabi ce, buhu ke nan. Daga ranar, shekara goma sha ɗaya cur, ba ta taɓa kiranta da sunan da ubanta ya yanka mata rago ba. Six-et-demie, kawo ruwa. Six-et-demie, hannunki na warin albasa. Six-et-demie, tafiyarki tana girgiza mini gilashi. Na sha ce mata a waya, "Yaya, ki zuba mata barkono a shayi ki kama gabanki." Sai ta ce, "Fati, ba ta da kowa fa." Wannan haƙurin nata tun ina yarinya yake ba ni haushi, har gobe kuma yana ba ni.

A ƙarƙashin gadon tsohuwar akwai kwalaye uku masu faɗi. Shekara biyu Yaya tana shara ta gefensu ba ta buɗe ba, sai ranar da famfo ya fashe a hawan sama ruwa ya zubo, dole aka fito da su aka baza abin da ke ciki bisa tebur da kujeru. Zanen mata ne da baƙar tawada, nan da can an ɗiga ja ko shuɗi, guda ɗari biyu da goma sha huɗu. Na shekarun bayan babban yaƙi ne, lokacin da mujallun Paris suke aika mai zane ya je ya kalli sababbin riguna ya zano musu. Mata dogaye, ƙugu ɗan tsito, rigar ta matse sama ta baje ƙasa kamar lema, safar hannu har gwiwar hannu, hula a karkace, kafaɗu a waje. A ƙasan kowace takarda, a kusurwar dama, an rubuta suna da manyan haruffa: Alain.

Yaya ta daɗe a kan wani zane na wata mace da ta juya baya. Sannan ta tambaya, da Faransancinta na kasuwa, ko marigayi ya iya ɗinki.

"Alain? Ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba."

"To ba shi ya zana ba, Madam. Wanda ya zana wannan ya san inda ake cin yadi a ƙarƙashin hamata don hannu ya ɗagu. Kuma ya taɓa sa riga mai maɓalli a baya. Ya san na ukun nan hannu ba ya kaiwa, shi ya sa ya bar shi a buɗe."

Tsohuwar ta jefe ta da kofin shayi. Tabon yana nan a goshinta. Da ta gama zagi sai ta zauna bakin gado ta yi kuka. Shekara sittin ba wanda ya gane, masana sun yi ta rubutu a kan hannun Alain, sai ga mai wanke mata gindi ta gano cikin minti biyar. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, kuma ban yarda ta taɓa yafe wa Yaya ba.

Labarin da ta bayar bai da tsawo. Ɗiyar masaƙi ce, ta koyi ɗinki tana da shekara goma sha huɗu, ta tafi Paris tana da sha tara, ta auri Alain, mutum mai baki da kyan kwat. Shi ke shiga ofisoshin mujallu, ita ke zane a kan teburin kicin. Ya ce mata ba wanda zai sayi aikin ɗiyar masaƙa, ta bari ya sa sunansa na shekara ɗaya kafin a san su. Shekarar ta zama goma sha biyu. Da hoto ya kori zane daga mujallu ya koma shan giya da ba da labarin kansa, ya mutu da sunan a hannunsa. Ita kuma ta dawo Lyon da kwalaye uku.

Bayan wannan Yaya ta zaɓi zanen mai juya bayan nan ta ɗinka rigar a gida, ranakun Lahadi, da ragowar yadin da na aika mata. Ba takardar yanka, ido kawai. Ta kai wa tsohuwar. Madam ta juya rigar ciki waje, ta bi kowane layin ɗinki da farce. Can ta ce, "Dommage. Hannu irin wannan a jikin mutum irinki." Asara take nufi. Yaya ta kira ni tana murna sai ka ce kujerar Makka aka ba ta. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai ɓata zumunci.

Sau ɗaya tak Madam ta zana Yaya, tana da shekara tamanin da takwas, hannu yana rawa. Ta zaunar da ita gaban taga ta ce, "Cire wannan labulen, wuyanki nake so." Hijabinta take nufi. Yaya ta ce akwai mai gyaran rufi a gidan da ke kallonsu, ba za ta cire ba, in an rufe taga kuma ba haske. Suka yi ta ja. A ƙarshe tsohuwar ta zana ta da hijabin, layi bai fi ashirin ba amma Yaya ce sak, har ɗan karkata kan nan nata. Ta jefa mata takardar a cinya ta ce, "Tant pis, oho. In babu wuya, babu ni." Yaya ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba, don ta saba da maganganun Madam marasa kai. Ta ninke zanen ta sa cikin jakar da take ajiye takardun zamanta.

Wajen ƙarshen rayuwarta Madam Madeleine ta ji a rediyo cewa wani gidan ajiye kayan tarihi a Paris zai baje kolin aikin Alain, daga tsofaffin shafukan mujallu. Ranar ba ta ci abinci ba. Ta rubuta wa matar da ke shirya abin, Madam Brigitte, wasiƙa shafi huɗu, ta ce ita ce mai zanen, asalin takardun suna hannunta, kuma tana da shaidar da ba ta musuwa. Yaya ce ta kai wasiƙar gidan waya, a rufe. Brigitte ta amsa da layi biyu, wai za ta zo Lyon in ta samu sarari. Wata goma sha huɗu tsohuwar tana sa a taje mata gashi kowace safiya, a shafa mata jan baki, a zaunar da ita tana fuskantar ƙofa. Sararin bai samu ba.

Da ta ga jiki ya ƙi, ta sa aka rubuta cewa kwalayen na Yaya ne. Ta ce mata, "Ki kai wa matar nan hannu da hannu. Ko sau ɗaya a rubuta sunana a bango kafin tsutsa ta gama da ni." Yaya ta ɗauki alkawari. Ranar jajibirin mutuwarta, da la'asar, ta kama gefen hijabin Yaya ta jawo ta kusa, numfashi yana yankewa.

"Six-et-demie... mon nom est dans la salière."

Sunana yana cikin salière. A bakin kowa, salière ita ce kwalbar gishiri ta kan tebur. Yaya ta ce, "D'accord, Madam," wato ta ji. Washegari da hantsi tsohuwar ta cika.

Bayan an fita da gawar Yaya ta shiga kicin. Ta juye kwalbar gishirin bisa jarida, ta tankaɗe da rariya, ta duba cikin murfi, ta duba gindinta. Ta juye ta barkono, ta yage ledar gishirin da ke cikin kabad. Gishiri ne kawai. Sai ta kira ni, ni da na yi shekara ashirin da huɗu a Paris, ni da nake gyara wa mutane Faransanci a shago ba su tambaye ni ba.

"Fati, salière tana da wata ma'ana?"

"Wace ma'ana kuma, Yaya? Ruɗin mutuwa ne. Ƙila so take a ƙara mata gishiri a lahira."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta yi hayar mota ta kai kwalayen Minguettes, ta tura su ƙarƙashin gadonta, tana jiran Brigitte ta kira.

Abin da ya biyo baya ni na jawo shi. Muna da rukunin matan Damagaram a WhatsApp, inda kowa ke tura wa'azi don a ga yana turawa. Wata Juma'a na tura na wani malami, ko saurararsa ban yi ba har ƙarshe. Yaya ta saurara sau uku. Malamin ya ce mai zana abu mai rai, ranar alƙiyama za a tsayar da shi a ce ya hura wa kowane zane rai, ba zai iya ba, za a yi ta yi masa azaba. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da irin wannan. Ya ce mafita ita ce a raba kan da jikin, ko da jan layi ne a wuya, in kai ya rabu zanen ya zama kamar itace.

Wata za ta ji tsoron ɗakinta ne. Yaya ba kanta ta tuna ba. Ta zauna ta lissafa, mata ɗari biyu da goma sha huɗu, kowace za ta tsaya gaban tsohuwar da ko cokali ba ta iya ɗagawa, tana jiran a hura mata rai. Daga baya ta ce mini, "Ba musulma ba ce, Fati, ban san mi zan roƙa mata ba. Na ce ko wannan kayan in sauke mata." Kuma a ganinta ba abin da zai lalace. Rigunan suna nan, cin yadin hamata yana nan, maɓalli na uku yana nan. Duk mai ido zai gane hannun mace, kamar yadda ita ta gane.

Mako uku ta yi tana aikin, goma goma a rana, bayan azahar, da alwalarta. Da farko ta sayo maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a kanti, sai ta ga rashin mutunci ne a taɓa aikin Madam da abin rubuta farashi a kwali. Ta buɗe kwalbar tawadar Madam ɗin kanta, ta ɗauki burushinta mafi kauri. Hannun tela kuwa ba ya jan layi inda ya ga dama. Ba ta ja a maƙogwaro ba. Ta ja a gindin wuya, daidai inda igiyar awo take kwanciya in za a fitar da wuyan riga, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, baƙi ƙirin, ba karkata. Kafin ta ja kowane, sai ta ɗora 'yar takarda a kan sunan da ke kusurwa don kada tawada ta ɗiga masa. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Brigitte ta kira bayan ta ga sanarwar mutuwar. Matacce ba ya gardama, sai sarari ya samu. Yaya ta hawo jirgin ƙasa da kwalayen, ta sauka wurina, na rufe shago na raka ta don in yi mata tafinta, ko da yake ba ta buƙata.

Ofishin fari ne fat, da dogon tebur da fitilu. Brigitte doguwa ce ramammiya, in da Madam za ta auna ta da ta ba ta kai takwas. Ta sa farar safar hannu, ta ajiye gilashin ƙara girma a gefe, ta buɗe wasiƙar tsohuwar a gabanta.

"Yau dai za mu ga waɗannan salières ɗin," ta ce, tana murmushi.

Yaya ta ce, "Na duba, Madam. Gishiri ne kawai a ciki."

Brigitte ta dube ta, ta dube ni, sai ta yi 'yar dariya. Ta sa yatsa a gindin wuyanta, cikin ramin nan da ke bisa ƙashi, wanda ke fitowa ga ramammiyar mace. "Wannan ce salière. Haka masu zane da teloli na da suke kiranta, don wai za a iya zuba gishiri a ciki. Ta rubuta mini cewa a kowane zane ta ɓoye ɗan harafin M a nan, ja ɗaya da layin ƙashin, ba ta ɗaga alƙalami ba. Wanda ya zana jikin shi ya rubuta harafin. A mujalla ba ya fitowa, ya zama ɗigo. A asalin takarda kawai ake gani."

Na ji Yaya ta dafa teburin. Ni ban san komai ba tukuna, har na ce, "To, alhamdu lillahi." Brigitte ta ɗaga murfin kwali na farko.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi sauƙi. Ta ɗaga takarda ta farko, ta biyu, ta goma, ta buɗe kwali na biyu, ta buɗe na uku. Ta kashe fitilar ɗakin ta kunna wata mai wani irin haske, ta kai gilashin, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe ta juyo gare ni, kamar Yaya kujera ce.

"Ki tambaye ta da me ta yi wannan."

"Da tawadar Madam," Yaya ta amsa da kanta. "Ban so in sa ta banza."

"Da ta sa ta banza," Brigitte ta ce mini, "da fitilar nan ta ratsa ta. Tawada iri ɗaya a kan 'yar'uwarta, ba abin da ke raba su." Ta nuna kusurwar dama da yatsa. Sunan Alain yana nan tsaf a kan takarda ɗari biyu da goma sha huɗu, ko ɗigo bai taɓa shi ba. "Ki tambaye ta don me."

Yaya ta buɗe baki, Faransancin ya gudu. Da Hausa ta ce, "Kaya na sauke mata." Ban fassara ba. Kunya ce ta hana ni, kunyarta da kunyar kaina, don a lokacin na tuna wa'azin da wanda ya tura shi.

Brigitte ta fara cire safar hannunta yatsa bayan yatsa. "Mijinta ya yi shekara arba'in yana ƙoƙarin shafe ta bai iya ba. Ke kin gama cikin mako uku." Wannan karon ta kalli Yaya ido cikin ido. Ta ƙara da cewa, "Ba ko ɗaya da ya tsira?"

Sai na ga fuskar Yaya ta yi haske. Ta zuge jakar takardunta, ta fito da zanen da aka yi mata gaban taga. Shi kaɗai ta bari, ta ce ta ɗauko shi sau biyu hannunta ya ƙi. Brigitte ta mayar da safa ɗaya, ta warware ninkin, ta kai gilashi. Hijabi ya sauko daga kai ya rufe har ƙirji. Ba suna a kusurwa, ba komai.

"Ina wuyan?" Brigitte ta tambaya.

Yaya ta karɓi takardarta ta ninke. A hankali ta ce, "In babu wuya, babu ni," kamar mai bitar karatu. Brigitte ta ce ba su da abin yi da kwalayen. Muka ɗauko su muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita biyu ni ɗaya, har Château Rouge.

A shago muka tarar da mata sun taru, Mounira mai kitso da wasu uku, suna jiran labari, don na riga na cika musu baki cewa yayata za ta shiga jarida. Mounira ta ce, "Yaya aka ƙare?" Raina a ɓace yake. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin tsohuwar da ta zauna da mutum shekara goma sha ɗaya ba ta ga ya isa ta nuna masa wuri da yatsa ba, ina jin haushin kaina fiye da kowa. Ni kuwa in raina ya ɓaci, wanda ya fi kusa shi nake sara. Na buɗe kwalin na ɗaga zane ɗaya sama.

"Ku tashi ku gai da Sarkin Fawa. Kai ɗari biyu da sha huɗu ta yanka, ko rigarta ba ta ɓata ba. Yaya, kin dai yi bisimilla ko?"

Suka fashe da dariya, Mounira har da riƙe ciki. Yaya ta yi murmushi ita ma, don kada in ji kunya a gaban baƙi, ta ce, "Na yi." Sunan ya riga jirginta isa Lyon.

An buɗe baje kolin da bazara. Sunan Alain yana manne a bangon metro, kullum sai na wuce ta gabansa. Na je ni kaɗai wata Talata. Shafukan mujallu ne cikin gilashi, mutane suna ta sunkuyawa suna yaba hannunsa. A bango an rubuta tarihinsa, kusa da ƙarshe akwai layi biyu. Na farko ya ce matarsa takan tsaya masa ya zana ta. Na biyu ya ce asalin zanen sun lalace a hannun wata mai aikin gida. Ba a faɗi sunan matar ba, ba a faɗi na mai aikin ba. Na ɗauki hoton bangon da wayata, sannan na goge, don ban san wa zan tura wa ba.

Yaya tana nan a hawa na tara. Yanzu wani tsoho take yi wa wanka a Vénissieux, wanda ke kiranta da sunan matarsa da ta mutu. Kwalayen suna ƙarƙashin gadonta. Ba ta fita daga rukunin WhatsApp ba, ba ta daina amsa gaisuwata ba, in an kira ta Sarkin Fawa a wurin suna ko biki takan ce na'am. Ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba, ban iya ba. Abin da na yi, kafin ƙaramar sallar bara na yanko yadi biyar na siliki mafi tsada a shagona na aika mata, na ce ta ɗinka wa kanta.

Bayan wata ɗaya saƙo ya iso ta gidan waya. Ni ta ɗinka wa, ba ta auna ni ba, ta san jikina tun ina goye. Rigar mai juya bayan nan ce, ƙugu a matse, ƙasa a baje, maɓallai a jere a baya. Na juya ta ciki waje na bi ɗinkin da farce, ban samu inda zan kushe ba. Da na ɗaga ta zan sa, sai na rasa inda kaina zai shiga. Daga kafaɗa zuwa kafaɗa a ɗinke take ruf. Na kira ta.

"Yaya, kin manta ba ki fitar da wuya ba."

"Ban manta ba, Fati. Na ɗauki almakashi sau uku, hannun ba ya zuwa wurin. Ki ba wani tela ya buɗa miki, aikin minti goma ne."

Teloli sun fi ashirin a layinmu. Rigar tana rataye a bayan kantata, masu sayayya suna tambayar nawa ce, ina ce musu ba a gama ba.